Littafin Inna da Kyamarata

Litinin, 2 ga wata, 1:20 na rana

Saura mako guda hutun haihuwata ya ƙare. Yau na je na sayo kyamarar ɗakin yaro.

Na yi kwana uku ina karatu a kanta kamar wadda za ta rubuta rahoto. Iri biyu ne. Akwai mai zuwa da ɗan allonta, ba ruwanta da intanet, amma kana fita ƙofar gida hoton ya ɗauke. Akwai kuma mai aiko hoto cikin waya duk inda kake. Waɗanda suka yi rubutu a kai sun fi yabon ta farko, don babu baƙon da zai leƙo maka ɗaki daga nesa. Ni ta biyun nake so. Daga gidanmu zuwa ofis tafiyar minti arba'in ce.

Mai shagon ya jera mini guda huɗu a kan kanta.

Na ce, “Wannan tana juyawa?”

“Hagu da dama, sama da ƙasa, Hajiya. Daga wayarki za ki juya ta.”

“Tana ajiye abin da ta ɗauka?”

“In kin sa mata kati.”

“In an bar ƙofar ɗaki a buɗe, za ta hango har bakin kicin?”

Ya dube ni, ya dubi yaron a kafaɗata. “Watansa nawa?”

“Biyar.”

“To Hajiya, wannan bawan Allah ko zama bai iya ba, me zai kai shi kicin?”

Na ce ya sa mini kati mai cin abu da yawa.

Ya nuna mini wani maɓalli a manhajar, mai hoton makirfo. In ka danna ka riƙe, muryarka za ta fito a ɗakin. Na ce wannan ba zan yi amfani da shi ba. Ya ce kowa haka yake cewa.

Talata, 3 ga wata, 5:45 na yamma

Mijina, Injiniya, ya kafa ta bayan ya dawo daga aiki. Mutumin da ke gyaran lif, na'urar hawa sama, a bene mai hawa goma sha biyu sai da ya yi awa guda a kan abin da bai kai ƙwallon lemo ba. Ya ɗora ta a saman kabad, ya bi da wayar wutar ta bayan kabad ɗin, ya manne ta da bango, nesa da inda hannun yaro zai kai ko ya fara tsayawa. Na sauya lambar sirrin da ta zo da ita. Hoton yana makara da daƙiƙa biyu zuwa uku. Na gwada: na ɗaga hannu a ɗaki, na ƙirga, sannan hannun da ke cikin waya ya tashi.

Inna, mahaifiyata, ta shigo da kayan yaron da ta ninke. Tun da na haihu take tare da mu, kuma ita za ta riƙe shi in na koma aiki. Shekara talatin da ɗaya ta yi a sashen yara na asibiti. Har yau in muka fita akwai masu furfura da ke rusuna mata su ce Sista.

Ta ce, “Wannan ɗan idon fa?”

“Don in riƙa ganin yaro daga ofis ne, Inna.”

“Abin da babba ya hango a zaune, yaro ko saman kabad aka ɗora shi ba zai hango ba.” Ta sunkuya kan gadon. “Maigidana, ka ga an ɗauko mana ɗan sanda. Sai mu daina hirar sirri.”

Da ta fita, Injiniya ya ce, “Yaron kawai?”

Na ce, “Yaron kawai.”

Ya ci gaba da ɗaure kusa. Shi ne ya dawo gida watan jiya ya tarar da tukunya ta ƙone ƙurmus a kan gas, Inna tana falo tana cewa ita ba ta ɗora komai ba. Bai ɗauko maganar ba. Ni ma ban ɗauko ba. Kowa na mantuwa.

Litinin, 9 ga wata, 12:50 na rana

Na koma teburina. Komai na nan yadda na bar shi, har kofin da hannunsa ya karye. Aikina a gidan jarida shi ne in karɓi rubutun wasu in gyara kafin ya tafi shafi. Mai gyara na ƙwarai shi ne wanda marubuci zai karanta labarinsa da safe ya ce, kai, ashe na iya rubutu. Ba a kiran mutum a nuna masa ya sa Laraba a wurin Alhamis. A gyara kawai, a wuce.

Na jingina wayar da kofin. Inna ta yi wa yaron wanka 9:10, ta ba shi madara 9:40, ta rubuta a littafinta. Littafi ne mai baƙin bango, ta ja masa layuka da rula: lokaci, abin da aka yi, nawa ya sha, sa hannu. Tana sa hannu a kowane layi, a cikin gidan 'yarta. Yadda take riƙe shi, tafin hannu ƙarƙashin ƙeya, yatsa biyu a bayan kunne, ni ban iya ba har yanzu.

Na ji kunyar kaina. Na kife wayar.

Na sake ɗaga ta bayan minti shida.

Talata, 10 ga wata, 6:30 na yamma

Lafiya lau.

Laraba, 11 ga wata, 1:05 na rana

11:32. Ta shigo ɗaki da tawul a hannu, ta tsaya a tsakiya. Yaron na barci. Ba ta dube shi ba, ba ta dubi taga ba. Na zaci intanet ce ta tsaya, sai na ga labule na motsi. Minti huɗu. Sannan ta dubi tawul ɗin, ta rataye shi a jikin ƙofa, ta fita.

Ni ma nakan shiga ɗaki in rasa abin da ya kawo ni. Ban taɓa auna minti nawa nake yi ba, don ba wanda ya sa mini kyamara.

Alhamis, 12 ga wata, 7:15 na yamma

Na samu kwalbar madarar yaro guda a cikin durowar cokula, da sauran madara a ciki. Na zubar, na wanke, na mayar wurinta. Gwangwanin sukari a firji. Na mayar. A littafin ta rubuta ranar jiya a kan shafin yau. Na ɗauki bironta na mayar da ɗaya biyu, a hankali, da irin karkatar hannunta.

Ban gaya mata ba.

Juma'a, 13 ga wata, 2:30 na rana

Babban Edita ya dawo wa wani sabon ɗan rahoto da labarinsa a gaban kowa. “Majiya ɗaya? Majiya ɗaya tsegumi ne. Kawo mini ta biyu, sannan ya zama labari.” Shekara goma sha ɗaya ke nan ina jin wannan huɗubar, yau ce rana ta farko da ta yi mini daɗi.

Ya tsaya a teburina ya leƙa wayar. “Wane tasha ce wannan?”

“Ta gida, ranka ya daɗe.”

“Allah ya raya. Shafi na bakwai fa?”

Shafi na bakwai ya tafi da kuskure biyu. Nawa ne.

Asabar, 14 ga wata, 4:00 na yamma

Yaron ya tashi da zazzaɓi yana jan kunnensa na dama. Tun kafin mu fita Inna ta ce kunne ne, likita ya duba ya ce kunne ne. An ba mu maganin ruwa na kwana bakwai, sau uku a rana: shida na safe, biyu na rana, goma na dare. Na safe da na dare nawa ne. Na biyu na rana na Inna ne.

A mota ta karanta takardar kwalbar, ta tambayi nauyinsa, ta yi lissafi a ka ta ce daidai ne. Na duba da waya. Daidai ne. Yau ba wanda zai ce akwai wani abu. Har ta tsokani Injiniya kan tuƙinsa, ta ce mutum ya saba hawa sama da sauka, bai san hagu da dama ba. Ya ce, “Ku yi haƙuri, Inna, titin ne ba shi da maɓalli.”

Na yi dariya har cikina. Na manta rabon da in yi.

Lahadi, 15 ga wata, 11:40 na safe

Na kira Yaya. Na zagaya, na zagaya, sannan na faɗi maganar tukunya da tawul da sukari.

Ya ce, “Inna fa kike faɗa. Matar da ta raini yaran gari guda.”

“Na sani, Yaya.”

“Ke aikin nan naki ya ɓata ki. Ko gaisuwa aka yi miki sai kin nemi inda aka yi kuskure. Sukari a firji, shi ne me? Ni makullin motata na taɓa samu a cikin takalmi.”

“Ka zo ka gan ta.”

“Ƙarshen wata. Ki bar tsohuwa ta sha iska. Kuma abin nan da kika sa mata a ɗaki, ta sani?”

“Ta san akwai shi.”

“Ba abin da na tambaye ki ke nan ba.”

Litinin, 16 ga wata, 2:10 na rana

Ta ba shi 2:00 daidai. Ta girgiza kwalba, ta ɗaga sirinji saitin haske, ta zuba a gefen kunci kaɗan kaɗan. Ta rubuta. Ta sa hannu.

Talata, 17 ga wata, 4:50 na yamma

Muna taron tsara shafuka daga 1:30 zuwa 3:00, waya a jaka. Da na fito na koma baya a katin don in ga na ƙarfe biyu. Zan rubuta abin da na gani kawai.

1:58. Ta ba shi magani. Ta ɗauki biro. Aka buga ƙofar gida. Ta ajiye biron ta fita.

2:21. Ta dawo. Ta buɗe littafi, ta bi layin da yatsa. Babu komai a wurin ƙarfe biyu. Ta ce, “Maigidana, mun makara.” Ta girgiza kwalba, ta ɗebo, ta ba shi. Ta rubuta. Ta sa hannu.

Na kalla sau uku. Na fita baranda na kira mai kantin maganin da muke saye wurinsa. Ya tambayi sunan maganin da nauyin yaron, ya ce in sa ido a kan cikinsa, in na ga amai ko wani abin da ban gane ba in kai shi asibiti, kuma kada a sake.

Ya ce, “Wa ya ba shi?”

Na ce, “Ni ce.”

Littafin ya ce sau ɗaya. Kyamara ta ce sau biyu. Ga majiya biyu, kowacce da nata.

Talata, 8:20 na dare

Cikinsa ya ɗan saki, ban da haka yana wasa da ƙafarsa. Inna ta ce maganin ne, yakan yi haka. Na ce e.

Ban nuna wa Injiniya ba. Na gaji.

Laraba, 18 ga wata, 7:05 na safe

Na yi dabara. Na ɗebi na ƙarfe biyu a sirinji, na rufe bakinsa, na sa a ƙaramin faranti a firji, kwalbar kuma na sa a jakata da niyyar in tafi da ita. In sirinji ɗaya ne, sau ɗaya za a bayar. Ba sai an yi wa kowa bayani ba.

Ina ɗaura takalmi ta fito da farantin.

“Mene ne wannan?”

“Na rana ne, Inna. Na sauƙaƙa miki.”

“Ina kwalbar?”

“Ai na riga na ɗebo.”

“'Yar jarida, shekara talatin da ɗaya ban taɓa ɗura wa ɗan wani abin da ban ɗebo da hannuna ba. Sirinji ba suna, ba takarda, in san mene ne a ciki? Ko babban likita ne ya miƙo mini sai ya koma da abinsa. Kawo kwalba.”

Ta matse sirinjin a sinki. Na ciro kwalbar daga jaka na ba ta. Ta dubi jakar, ta dube ni. Ba ta tambayi abin da ya kai maganin yaro jakar ofis ba.

Gaskiyarta ce. Dokarta ta fi dabarata kyau.

Laraba, 2:45 na rana

Na zauna a kan wayar daga 1:40 zuwa 2:40. Sau ɗaya. Na ƙi zuwa cin abinci.

Alhamis, 19 ga wata, 3:30 na yamma

Sai yanzu na iya rubutu.

2:00 ta ba shi, ta rubuta, ta fita da littafin a hammata. Na sauke ajiyar zuciya na koma kan wani labari na kwamitin ruwa. 2:24 wayar ta yi ƙara, alamar motsi a ɗaki. Inna ce, ba littafi. Ta ɗauki kwalbar tana girgizawa.

Na kira lambarta. Ina jin wayarta tana kuka a falo ta cikin kyamarar. Ta ɗan juya kai ta ci gaba da ɗiba. Ba ta taɓa ɗaga waya da magani a hannu ba, wannan ma dokarta ce. Na kira Injiniya, a kashe, yana cikin ramin lif. Ta ɗaga sirinjin saitin haske. Ta sa tafin hannu ƙarƙashin ƙeyarsa. Sai na tuna abin da nake gani ya riga ya wuce da daƙiƙa uku.

Na danna maɓallin.

Ban san da wace murya na yi magana ba. Masu teburin labarin wasanni gaba ɗaya suka juyo. Na ce, “Inna, tsaya. Kin ba shi. Kin riga kin ba shi.”

Ta zabura, sirinjin ya faɗi kan zanin gado. Yaron ya fashe da kuka. Ta dubi ƙofa, ta dubi taga, sannan ta ɗaga kai saman kabad. Ban taɓa ganin fuskarta ta gaba sosai a cikin allon ba sai yau. Kullum ƙeyarta nake gani, da ɗankwali.

Ta fita. Ta dawo da littafin a buɗe. Ta daɗe tana kallon shafin. Sannan ta ɗauki yaron ta sa a kafaɗa, ta zauna bakin gado, ta juya wa kabad baya.

Na gaya wa Babban Edita zan tafi, kuma gobe ba zan zo ba. Ya buɗe baki, ya dubi fuskata, ya ce, “Je ki.”

Ina cikin mota yanzu. Ban tada ta ba tukuna.

Juma'a, 20 ga wata, 10:00 na safe

Gyara: A ranar 3 ga wata na rubuta cewa yaron kawai. Ba haka ba ne.

Gyara: A ranar 17 ga wata na ga abin da ya isa in zauna a gida, na tafi aiki kwana biyu a kai. Wannan kuskuren ba na Inna ba ne.

Juma'a, 6:10 na yamma

Tana gaishe ni, ina gaishe ta. Ta yi wa yaron wanka. Da ƙarfe biyu ta yi, ta kawo kwalbar ta ajiye a gabana ta koma ɗakinta. Ni na ba shi. Layin littafin ya zauna ba sa hannu.

Na nuna wa Injiniya abin da kyamara ta ɗauka, na Talata da na Alhamis. Ya kalla, ya shafa kansa, ya ce, “Da kin gaya mini ranar Talata.” Na ce da na gaya maka da ya zama gaskiya. Ya ce, “Ai da ma gaskiya ne.”

Asabar, 21 ga wata, 9:00 na safe

Magani ya ƙare. Kunne ya warke.

Lahadi, 22 ga wata, 5:20 na yamma

Bayan la'asar ta kira ni ɗakin yaron. Tana zaune a kujera, ta sa tabarau, littafin a cinya. Injiniya ya ɗauki yaron ya fita da shi baranda ba tare da kowa ya ce masa ba.

Ta ce, “Ɗan sandan naki yana ajiye abin da ya gani?”

“Yana ajiyewa.”

“Nuna mini.”

“Inna, ba sai...”

“Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Nuna mini.”

Na nuna mata ta Alhamis. Ta ce wannan ta sani, akwai wata? Na nuna mata ta Talata. Ta riƙe wayar nesa da fuska, ta kalla har ƙarshe, ta buɗe littafin a shafin Talata ta ɗora yatsa kan sa hannunta.

“Ya yi amai?”

“A'a. Cikinsa ne ya ɗan saki.”

“Na ce miki maganin ne.”

“Kin ce.”

Ta cire tabarau ta goge da bakin mayafi. “Da ɗalibata ce ta yi wannan, da a ranar na sauke ta daga duti. Ke kuma kika gani ranar Talata kika bar ni da kwalba har Alhamis.”

“Ina jiran in tabbatar.”

“Da ɗan mutane kike tabbatarwa?”

Ta buɗe shafin ranar sha biyu. “Wannan biyun ba tawa ba ce. Kin zaci ba zan gane an taɓa mini lamba ba? Da sukari, da kwalba, duk ina ganin abu ya koma wurinsa da ƙafarsa. Ina zaune ina cewa ko ni na mayar na manta. Kin san abin da wannan ke yi wa mutum? Ni ba labarin jarida ba ce da za ki gyara ni a ɓoye.”

Sai ta juya littafin ta buɗe shi ta baya. Akwai wasu layukan da rula, shafi biyar. Lokaci, abin da ya faru, sa hannu. Na farkon tun ina da ciki wata shida: ta fita sayen sabulu, ta tsaya a mararraba ba ta san ta ina gida yake ba, minti goma. Sunan maƙwabciya ya ɓace mata kwana biyu. Tukunyar tana ciki, an rubuta washegari: an ce na ɗora, ban tuna ba. Tawul ɗin ma yana ciki. Ita ta rubuta minti biyar.

Ta ce, “Ke mako biyu kike kallona. Ni wata takwas.”

“Me ya sa ba ki faɗa ba?”

“Na ce in ya taɓa aiki zan faɗa. Ina ganin hannuna zai riƙe abin da kai ya saki.” Ta rufe littafin. “Ya taɓa aiki.”

Ta koma shafin gaba ta yi rubutu kusan minti goma, ina zaune. Ta karanta mini a tsaye, yadda suke yi da safe in mai dutin dare za ta tafi: yaro wata biyar da mako uku, ya gama maganin kunne, yana shan kaza, yana barci kaza, ba ya son a kwantar da shi ta hagu, in ya yi kukan da ba hawaye a duba ƙugunsa kafin a ba shi madara. Ta sa hannu. Ta miƙo mini biro.

“Sa hannu kin karɓa.”

Na sa.

“Ki kira yayanki. Ki ce ni na ce ya zo ya kai ni asibiti, kuma ya zo da littafin nan gaban likita, kada ya tsaya yi mini kara.”

Talata, 24 ga wata, 1:00 na rana

Na ɗauki hutun mako guda. Akwai gidan renon yara a bayan ofishinmu, hawa na ƙasa, tagogi manya, mata uku. Inna ta sa na kai ta ta gani. Ta duba inda suke wanke kwalabe, ta tambayi wa ke ba da magani in an kawo, a ina ake rubutawa. Shugabar wurin ta fara amsawa da gadara, ta ƙare tana cewa “E, Sista.” Ban gaya mata sunan ba.

A hanya ta ce, “Za su iya. Ta tsakiyar ce dai ba ta iya riƙe ƙeya ba.”

Alhamis, 26 ga wata, 8:00 na dare

Yaya ya zo, sun je, sun dawo. Akwai gwaje-gwaje, akwai wata ranar. Ya zauna a falo yana jujjuya makullin mota, bai ci abinci ba. Da zai tafi ya ce mini, “Kin rame.” Iyakar abin da ya iya ke nan, na karɓa.

Injiniya ya sa wa gas makulli ta baya. A gabanta ya sa, ya gaya mata dalili. Ta ce, “Madalla. Ka rubuta mini a jikin bango.”

Na ce zan cire kyamarar, tunda yaron ba ya wuni a ɗakin. Ta ce in bar ta.

“Amma in kin ga abu, ki yi magana. Kada ki zauna kina kallona kamar talabijin.”

Asabar, 28 ga wata, 3:00 na yamma

Ta wuni da shi a cinya, ina kusa ina ninke kaya. Tana ce masa, “Maigidana, an raba mu, amma ban ce ka sake ni ba.”

Litinin, 30 ga wata, 12:40 na rana

Rana ta farko a gidan reno. Na kai shi 8:30, ya yi kuka, na yi tafiyata kamar marar imani. Maƙwabciya za ta leƙa Inna da azahar.

Wayar na jingine da kofi. Gadon yaro ba kowa, zani a shimfiɗe. A tsakiyarsa akwai takarda da Inna ta rubuta jiya da hannunta ta ajiye, ba ta bari na karanta ba.

11:50 wayar ta yi ƙara. Ta shigo da kwalbar madara, tana gwada zafinta a bayan hannu. “Maigidana, tashi, rana ta yi.” Ta leƙa gadon. Ta ɗaga zanin. Ta dubi ƙasa, ta dubi bayan ƙofa, ta dafe ƙirji da kwalbar.

Ban ƙirga komai ba. Na danna.

“Inna, yana wurina. Yana gidan reno, lafiyarsa ƙalau. Kin miƙa aiki ranar Lahadin waccan. Duba takardar da ke kan gado.”

Ta ɗauka. Ta laluba tabarau a wuyanta ta sa. Ta karanta, leɓenta na motsi.

“Hannuna ne,” in ji ta.

“Naki ne.”

Ta zauna a kujera, takardar a cinya, kwalbar a hannu. Ta ɗaga kai saman kabad.

“Ya sha madarar ƙarfe sha ɗaya?”

“Ya sha. Na leƙa da kaina.”

“Nawa?”

Na gaya mata.

“Ki rubuta.”

Na jawo littafin mai baƙin bango daga jaka, na buɗe shi a kan shafi na bakwai na jarida da ke jirana, na rubuta. Na sa hannu.